Uwar Iyayi Da Jan Layinta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a garin Vom da ke kusa da Jos ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Ranar ce aka haska rashin kunyata a jikin bango, da manyan baƙaƙe, a gaban mutum kusan arba'in, ciki har da tsofaffin da suka isa su yi jika da ni. Har yau in na ga kofin shayi yana turiri da sanyin safiya sai gabana ya faɗi.

Ni ɗan unguwar Katako ne a Jos, haihuwa da girma. Mahaifina yana da rumfar sayar da katako tun kafin a haife ni, kuma tun ina firamare ya gama yanke hukuncin cewa ni zan gaje shi. Ni kuwa sai Allah Ya jarabce ni da son kwamfuta. Da wata tsohuwar laftof, wadda sai an jingina mata bulo take tsayuwa, na koyi rubuta manhaja, har wani ƙaramin kamfani a nan Jos ya ɗauke ni aikin gwaji na wata uku. In na yi abin kirki a ba ni takardar tabbatarwa, in ban yi ba a yi mini sallama. Ranar da na gaya wa Baba ko ɗago kai bai yi ba daga katakon da yake aunawa. Cewa kawai ya yi, "To, Allah Ya taimaka. Kujerarka dai tana nan, ba zan bari kowa ya zauna a kai ba." (Wanda ya san Baba ya san wannan ba addu'a ba ce, jiran dawowata yake yi.) Saboda haka takardar nan ta zame mini komai. Ko in same ta, ko in koma rumfa ina ɗaukar katakon tu-bai-fo a kafaɗa, 'yan layinmu suna kirana Injiniya suna ƙunshe dariya.

Shugabar sashenmu Madam Ronke ce, wata Bayarabiya doguwa mai gilashi da aka ɗauko daga Legas. Ba ta da hayaniya, amma ba abin da ke wuce ta. In ka makara da minti biyar ba za ta yi faɗa ba, agogon bango kawai za ta kalla, sannan ta kalle ka. Turanci take yi a ofis daga safe har yamma, don haka na yanke hukunci ni kaɗai, ba tare da na tambayi kowa ba, cewa ba ta jin Hausa. Hujjata ita ce sunanta Ronke, daga Legas ta zo, kuma in na ce "Madam, sannu da zuwa" kai kawai take gyaɗawa. Ku riƙe wannan hujjar tawa, za mu dawo kanta.

A ranar farko ta sa aka ɗora mini linta. Ga wanda bai sani ba, linta wata 'yar manhaja ce da ke zaune a cikin edita, wato wurin da muke rubuta umarnin manhaja. Aikinta ɗaya ne, sa ido. Kana rubutu tana bin ka a baya, in ta ga abin da bai yi mata ba sai ta ja masa layi a ƙasa, rawaya in ƙaramin abu ne, ja in babba ne. Ka ɗora ɗan kibiya a kan layin sai ta gaya maka laifinka. A ƙasan allo kuma akwai lamba da ke nuna yawan ƙorafinta. Dokar Madam ita ce kafin ka ce ka gama aiki, sai lambar nan ta koma sifili.

Ni da na saba rubuta abina a ɗaki ba mai ce mini uffan, sai ga wata aba tana bina da mita. Ka ƙirƙiri wannan ka ba shi suna amma ba ka yi amfani da shi ba. Wannan aikin ya yi tsawo, raba shi biyu. Nan ba ka faɗi me za a yi ba in an samu matsala. Manhaja tana tafiya lafiya lau, ita kuma ba ta gani, laifi kawai take nema. Kwana uku ban cika ba na tsane ta. Kuma saboda halinsu ya zo mini ɗaya, ita da mai kallon agogo, sai na raɗa mata suna Madam Ronke.

Sai na gano wata dabara. Ashe akwai ɗan gajeren umarni da za ka rubuta a saman layi, ka ce wa linta ta kau da kai daga wurin. Kana rubutawa jan layin zai ɓace, lamba ta ragu da ɗaya. An tanadi abin ne don lalura, inda ka tabbata kai ne da gaskiya, kuma dokar ofishinmu ta ce duk wanda ya rufe wa linta baki sai ya rubuta dalili a gefe. Ni kuwa na mayar da lalura sana'a. Da farko ina rubuta dalilin da Turanci kamar mutumin kirki. Da na ga ba wanda ya tanka, sai na koma Hausa, tunda a lissafina mai karantawar ba ta ji. Daga nan ne abin ya lalace, don wurin rubuta dalili ya zama wurin huce haushi. Duk ranar da Madam ta kalli agogo ta kalle ni, sai in zauna in rama a kan takwararta.

Mutum ɗaya ne ya gani, Pam, wanda teburinsa ke kusa da nawa. Wata rana ya leƙo allona, ya karanta, ya riƙe baki.

"Kai, mutumina, wannan abin da kake yi no good fa. Abeg ka goge."

"Wa zai karanta?" na ce. "Kai ne kawai, kuma ba za ka kai ƙara ba."

"Ni ba ruwana. Amma wannan wahala ne kake tarawa."

Na ce masa ya bar ni, lambata sifili ce, tasa goma sha huɗu. (Haka nake a lokacin. Wanda yake gyara nasa da gaske shi nake yi wa gori.)

Aikin da muke yi na wata ƙungiyar masu kiwon shanun madara ce a wajen Vom. Suna tara madarar safe a babban tankin sanyaya, amma in wuta ta ɗauke ba wanda ya lura, kafin a ankara tanki guda ya lalace. Mu kuma muka haɗa musu wata 'yar na'urar auna zafi da ake tsomawa a tankin. Da zarar madara ta fara ɗumi, sai manhaja ta tura saƙo wayar shugaban ƙungiya ya zo a tayar da janareta. Madam tana fama da na'urar, kullum tana hanyar Vom. Ni aka damƙa wa sashen tura saƙon, ni kaɗai, kuma ta gaya mini ƙarara cewa da shi za ta auna ni.

Na rubuta shi, ya yi aiki. Ya ma yi aiki fiye da kima, don lokacin gwaji lambar wayata na sa, ta dinga ƙara kamar ta mai sayar da kati. Ranar da ta yi mini ƙara sau shida a sahun sallar Azahar, na dawo a fusace na sa wani layi guda a saman aikin, mai cewa a tsaya nan a koma, an gama. Niyyata in cire shi in na gama gwaji. Nan take linta ta ja wa duk abin da ke ƙasa jan layi, ta ce ba za a taɓa isowa wurin nan ba. Ni kuwa hannuna ya riga ya saba. Ban ko tsaya na karanta da kyau ba, na rufe mata baki, na rubuta dalilina, na tafi cin masa. Jan layin da zai tuna mini ya ɓace, ni ma na manta.

Sati uku bayan haka aka sa ranar nuna wa 'yan ƙungiya aiki, saura kwana biyu wa'adina ya cika. Madam ta tambaye ni ko sashena ya kammala, na juya mata allo na nuna mata sifili, ina wani murmushi. Ta ce da kyau. Ta ƙara da cewa tunda yawancin mutanen Hausa suka fi ji, ni zan yi mata tafinta. A raina na ce takarda ta gama samuwa. Na guge farar shaddata, na sayi sabon turare, har na gaya wa Baba ya nemi wanda zai ba kujerar nan. Ya ci gaba da awon katakonsa.

Muka isa Vom da yayyafi, ga sanyin nan mai shiga ƙashi. An jera benci a wani ɗaki kusa da tankin, maza da mata, wasu da rigunan sanyi wasu da mayafi, yawancinsu daga tatsa suka taho kai tsaye. A gaba shugaban ƙungiya ne, Baba Gyang, dattijo mai kwat da hular ulu, riƙe da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila. Pam ya haɗa laftof ɗina da majigi, duk abin da ke allona ya fito a bango.

Madam ta tashi ta fara bayani da Turanci, ina juyawa. Ta ce tawagarmu ta yi wata uku tana wannan aiki. Ni kuwa da na ga idanu sun dawo kaina, ga shadda tana ƙyalli, sai na gyara murya na ce, "Madam ta ce na yi wata uku ina wannan aiki ba hutu, su kuma sun taimaka mini da abin da ya sawwaƙa." Aka yi ta gyaɗa kai, wata tsohuwa ta ce Allah Ya yi mini albarka. Madam ta kalle ni ta saman gilashi, ta ci gaba da maganarta. Pam ya sunkuyar da kai yana gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Lokacin gwaji ya yi. Ba za a ɗumama madarar mutane don wasa ba, don haka aka kawo kofin shayi mai zafi, Madam ta tsoma na'urar a ciki. Lambar zafi a bango ta fara hawa, ta wuce iyakar da muka sa, ta yi ja. Na ɗaga hannu kamar mai sanar da sakamakon zaɓe, na ce, "Baba, ku ɗaga wayarku sama kowa ya gani. Yanzu za ku ji saƙo."

Baba Gyang ya ɗaga waya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi a kan kwano. Daƙiƙa goma, ashirin, minti ɗaya. Hannun dattijo ya fara gajiya, ya canza zuwa ɗayan.

"Yarona," ya ce, "waya bai yi kuka ba."

Na ce matsalar sabis ce, kun san Vom. Ban rufe baki ba wata mata daga baya ta danna lambarsa, waya ta kama waƙar coci da ƙarfinta har sai da ya kashe. Sai na ce wataƙila shayin bai yi zafi sosai ba. Baba Gyang ya ce, "Shayi ɗin nan ya ƙone ni a baki yanzu-yanzu." A cikin sanyin Vom zufa ta fara bin bayana.

Sai Madam ta matso. Ta jawo kujera ta zauna a gaban laftof ɗina, wanda har lokacin yake haɗe da majigi, ta buɗe edita. Sifilina yana nan a ƙasa. Ta ɗan tsaya tana kallonsa, sannan ta nemi umarnin rufe bakin nan a cikin aikin gaba ɗaya. Jeri ya fito a bango, ya cika, ya zarce ƙasa, sama da wuri ɗari biyu. Ta sauya wani saiti ta ce wa linta ta daina sauraron su duka. Wallahi na ga bangon nan ya rine, ja da rawaya ko'ina kamar an watsa wa farar riga miyar manja.

Ta shiga fayil ɗin saƙon. Ta ƙara girman rubutu, wai don na baya su gani. Sannan ta gyara gilashi, ta buɗe baki, sai na ji Hausa ta fito, Hausa garau, irin wadda ko kakata ba za ta gyara mata ba.

"Dalili," ta karanta. "Ban ga dama ba."

Ta sauko ƙasa kaɗan.

"Dalili. Madam Ronke, don Allah ki bar ni in sha iska."

Wani ya yi tari a baya. Ni dai na sunkuyar da kai.

"Dalili. Wannan mitar taki, Allah Ya ba mijinki haƙuri." Ta ɗago ta dube ni. "Amin. Zan isar masa."

Nan ɗakin ya fashe. Tsohuwar da ta sa mini albarka ɗazu tana share hawaye da bakin mayafi. Pam ya fice waje gaba ɗaya, ina hango shi ta taga ya dafa bango yana girgiza.

Madam ta jira aka lafa, sannan ta nuna layin da ya fi kowanne ja. "Ga wanda ya kawo mu nan. Linta ta ce masa, wurin nan da ake tura saƙo ba za a taɓa isowa gare shi ba, don ka rufe hanya a sama. Ga amsar da ya ba ta." Ta karanta a hankali, kalma bayan kalma: "Sai an iso. Ke dai ki yi shiru, uwar iyayi."

Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Madam, ashe kina jin Hausa?"

"A Tudun Wadar Jos aka yanke mini cibi, Malam. Kakana tela ne, tun zamanin haƙar kuza ya zo Jos. Aiki ne ya kai ni Legas. Ba ka taɓa tambayata ba." Ta miƙe ta ba ni kujerar. "Kuma na ji fassarar ɗazu. Ashe kai kaɗai ka yi aikin, mu taimako muka yi. To madalla. Tunda naka ne, zo ka yi wa Baba bayanin laifin wane ne."

Na zauna, na goge layi ɗaya tak, wanda na sa ranar da waya ta dame ni a masallaci. Jan layin ya ɓace da kansa, wannan karon da gaskiya. Shayi ya riga ya huce, sai da aka kawo sabon kofi. Aka tsoma na'ura, ko daƙiƙa biyar ba a yi ba wayar Baba Gyang ta yi ƙara. Aka tafa, amma kowa ya san ba ni ake tafa wa ba.

Baba Gyang bai yi dariya sosai ba tun farko. Ya karanta saƙon, ya sa waya a aljihun kwat, ya kira ni gefe.

"Wannan jan layi ɗin, tun yaushe yana gaya maka?"

"Sati uku, Baba."

"Kai kuma ka ce masa ya yi shiru."

"E, Baba."

Ya nuna matan da ke kan benci da haɓa. "Waɗannan tun asuba suna ɗauko madara a kai. Da ba shayi ba ne, da tanki ne, wa zai gaya musu?"

Wannan ta fi dariyar ciwo. Dariyar kunya kawai ta ba ni, wannan kuwa sai da na ji na tsani kaina, don ban taɓa tunanin matan nan ba ko sau ɗaya. Ni dai sifili nake nema.

A hanyar dawowa ina kujerar baya, na manne da ƙofa. Haka muka tafi har muka wuce Bukuru. Sai Madam ta ɗauko waya ta kira gida, da Hausa (na tabbata da gangan), ta ce, "Baban yara, yau wani bawan Allah ya yi maka addu'a a bainar jama'a." Sai da Pam ya gangara gefen titi ya tsaya, don ba zai iya tuƙi ba.

Ranar Juma'a ba a ba ni takarda ba. Ba a kuma kore ni ba, wanda har yau nake ganin haƙurinta ne kawai. Ta ƙara mini wata uku na gwaji, da sharaɗin in bi wuraren nan sama da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya, in cire abin da na rufe bakin linta da shi, in gyara abin da take faɗa. A cikinsu na tarar da kurakurai huɗu na gaske, irin masu zubar da mutunci, suna kwance suna jiran ranarsu. Na ba ta haƙuri, da Hausa, a tsaye, a gaban duk 'yan ofis.

Labari kuwa ya riga ni isa Katako, don mai motar da ke ɗaukar madara ɗan layinmu ne. Na tarar da Baba yana goge kujerata da tsumma. Ya ce, "An ce an karanta ka a bango." Na ce an ƙara mini wata uku. Ya ce, "Matar nan tana da kirki. Da ni ka yi wa haka, da a kan katako za ka kwana." Ya ci gaba da gugarsa.

Sai bayan wata shida cif da fara aikin na kawo masa takardar. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini, washegari na ga ya ɗora butarsa a kan kujerar. A wurin Baba wannan taya murna ce.

Dalilan nan duk na goge su, ban da guda ɗaya, wanda Madam ta hana a taɓa. Yana nan a fayil ɗin saƙon har gobe: "Ke dai ki yi shiru, uwar iyayi." A ƙarƙashinsa ta rubuta nata: "Na ji. Yanzu gyara." Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, nan ake fara kai shi ya karanta, sannan a nuna masa teburina.

Yanzu in jan layi ya fito mini sai in ajiye komai in karanta abin da yake faɗa har ƙarshe, ko da masa tana hucewa. Kuma na koyi cewa a garin Jos, kafin ka zagi mutum da Hausa, ka fara tambayarsa unguwar da aka haife shi. In ma da hali, ka bar zagin ka gyara aikinka, don ni dai wanda na yi, har yau ana karanta shi a ofis duk ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci.